Suna na Farko a Jerin Kaji

Wata shida ke nan da LaDawn Pehrson ta shiga harkar sayar da garin ƙarin kuzari na kamfanin Verdalis, kuma a wata shidan nan ba ta kira ko mutum ɗaya ba. Ba wai zaman kashe wando take yi ba. Ta sayi littafin tsara aiki mai bangon fata da alƙaluma kala bakwai, ta yanko hotunan manyan gidaje ta manna a jikin firji. Duk Litinin sai ta zauna a teburin kicin ta tsara makonta tsaf, ta ja jan layi a ƙarƙashin Laraba, ranar da za ta fara kiran mutane. Laraba na zuwa sai ta tuna an daɗe ba a wanke labule ba.

Mijinta Verl, tsohon direban motar makaranta, ya mai da abin abin tsokana. Yakan leƙo kicin ya ce, "Ranki ya daɗe shugabar kamfani, yau ma taron manya ake yi? A taimaka a ba talaka hanya ya ɗauki madara."

A garinsu na Spanish Fork da wuya ka wuce gida uku ba ka tarar da matar da ke sayar da wani abu ba, kuma kowacce da uwar ɗakinta, wato wadda ta shigo da ita harkar, take kuma samun kaso a duk abin da ta sayar. Uwar ɗakin LaDawn ita ce Kenzlee Bagley, 'yar shekara ashirin da tara, uwar yara huɗu, mace mai fararen haƙora wadda ba a taɓa ganin ta gaji ba. Ba muguwa ba ce, a yi mata adalci. Matsalarta ɗaya: duk wanda ta kalla, abokin ciniki take gani.

Ita ta sa LaDawn ta rubuta sunayen mutum ɗari da ta sani. Daga ciki kuma ta ware goma waɗanda gabanta ke faɗuwa in ta yi tunanin kiransu. Wannan shi 'yan harkar ke kira jerin kaji, wai don mai tsoron kiran ta zama kaza. Suna na farko a jerin kajin LaDawn shi ne Merrilee, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke garin Payson, tafiyar minti goma sha biyar a mota.

Shekara huɗu ba sa magana. Merrilee ce ta yi jinyar mahaifiyarsu a gidanta shekara biyu cur. A makon ƙarshe ta kira ta ce, "Yaya, jikin Mama ya yi tsanani, ki zo." LaDawn ta ce za ta zo Asabar. Tsohuwa ta cika ranar Alhamis, aka yi jana'iza ranar Asabar. A zauren coci, ana cikin cin abinci, Merrilee ta dube ta a gaban dangi ta ce, "Sannu Yaya, yau Asabar. Kin cika alkawari." Tun daga ranar ba wadda ta sake jin muryar 'yar'uwarta.

LaDawn ba don ta sayar wa Merrilee da komai ta sa sunanta a takardar ba. Ƙanwarta take so ta dawo mata, ba wani abu ba. Ta san halinta: in ba an tura ta ba, sai ta mutu tana cewa gobe. Ta yi tunanin wataƙila wannan harka ta zamo mai tura ta. Sai dai ba ta taɓa gaya wa Kenzlee haka ba, domin shi ma bayanin ta ajiye shi sai wata rana.

Wata Asabar da hantsi Kenzlee ta tara su su takwas a gidanta, kowacce da ƙaton kofin lemo mai madarar kwakwa a gabanta. Ta tafa hannu ta ce, "Yau ba lacca, 'yan uwa. Yau yankan kaji za mu yi. Kowacce za ta kira suna na farko a jerinta, a nan, yanzu. Waya a tsakiyar tebur, a buɗe murya kowa ya ji. Ki karanta abin da ke rubuce kan katin da zan ba ki, kada ki ƙara, kada ki rage, kuma kada ki kuskura ki faɗi dalilin kiran a waya. Anti LaDawn, da ke za mu fara."

"Ni? Kenzlee, bari in fara da ta biyu. Ta farkon nan akwai dogon labari."

"Kowace kaza da labarinta, Anti. Ba ni wayar."

Kafin LaDawn ta rufe baki yarinyar ta nemo sunan ta danna, ta tura mata katin. Sau uku wayar ta yi ƙara aka ɗauka.

"Yaya?" Muryar Merrilee ce, a tsorace. "Lafiya? Wani abu ya sami Verl?"

Kan LaDawn ya ɗaure, kalma ɗaya ta kanta ba ta zo mata ba. Sai ta sunkuya ta karanta katin kamar 'yar firamare. "Kin daɗe a raina. Akwai muhimmiyar maganar da nake so mu yi, amma ba ta waya ba ce. Talata ko Alhamis, wacce ta fi miki?"

Sannan suka ji Merrilee ta fashe da kuka, irin kukan da babba ba ya yi sai ya tabbata ba mai jinsa.

"Wayyo Yaya. Shekara huɗu ina jiran wannan kiran. Maganar da na yaɓa miki a gaban mutane ba ranar da ba ta ci min rai. Na ɗauki waya ya fi sau ɗari ina ajiyewa. Ki zo Talata, don Allah ki zo. Zan yi miki burodin Mama."

Tana kashewa ɗakin ya kaure da tafi da shewa. Wata na share hawaye, wata na kaɗa 'yar ƙararrawar da suke kaɗawa in an samu wanda ya amsa. Kenzlee na tsaye daga gefe da tata wayar a ɗage, tana cewa, "Kun gani? Kun ga abin da tsoro ke hana mu?" LaDawn kuwa na zaune tana kallon katin. Murna ta cika ta, kunya kuma ta rufe ta, ta rasa wacce za ta fara ji.

Dokar harkar ita ce sabuwar shiga ba ta zuwa ganawar farko ita kaɗai, uwar ɗakinta ke raka ta ta yi bayani. LaDawn ta san dole ta gaya wa Kenzlee kada ta zo. Ta rubuta hakan a littafinta da koren alƙalami. Lahadi ba a maganar kasuwanci. Litinin ta ɗauki waya, sai ta ga gara ta fara tsara yadda za ta faɗe shi ba tare da ta ɓata wa yarinyar rai ba. Verl ya ce, "Ke dai ki kira ta ki ce a'a, kalma ɗaya ce fa." Ta ce bayan abincin rana. Talata ƙarfe goma sha ɗaya da rabi motar Kenzlee ta tsaya a ƙofar gida tana hon.

Sai da suka isa layin su Merrilee sannan LaDawn ta iya buɗe baki. "Kenzlee, ki jira ni a mota. Ki ba ni minti ashirin in shiga ni kaɗai."

"Kai, Anti ta fara gogewa! Je ki shirya mana ita. Minti ashirin, na sa agogo."

Merrilee ta buɗe ƙofa tun kafin a ƙwanƙwasa. Ta yi furfura, ta rame kaɗan, kuma ta soma kama da mahaifiyarsu. Suka rungume juna a bakin ƙofa suka daɗe a haka. Gidan na ƙamshin sabon burodi. A kan tebur ga faranti biyu, ga babban kwanon gilashi na dankali da cuku da aka gasa har samansa ya yi ja.

"Zauna, Yaya. Kin yi ƙiba, Verl na kula da ke."

"Ke kuma kin tsufa, ƙanwar banza."

Suka yi dariya da hawaye a fuska. Merrilee ta zuba mata abinci, ta shiga ba ta labarin jikoki, da tiyatar da aka yi mata a gwiwa bara ba wanda ya gaya wa LaDawn. LaDawn ta kamo hannunta ta ce, "Ya kamata a ce na zo ranar da kika kira. Ki yafe min." Ta faɗe shi, da bakinta, ba kati. Merrilee ta girgiza kai ta ce ya wuce, ya wuce har abada.

Saura maganar matar da ke zaune a mota. LaDawn ta ce a ranta bari su gama wannan farantin tukun. Da suka gama, Merrilee ta tashi ɗauko tuffa da ta gasa, sai LaDawn ta ce a ranta to bari ta dawo ta zauna tukun. Merrilee na dawowa aka danna ƙararrawar ƙofa.

Kenzlee ta shigo kamar gidan ubanta, farin allo a hammata, kwalin kaya a hannu. "Sannu da gida! Ke ce Merrilee! Ai ni na san ki, muryarki kawai na ji na ce wannan mata tana da zuciya. Ni ce Kenzlee, abokiyar kasuwancin Anti LaDawn. Ina zan kafa allon? Ta riga ta ɗan yi miki bayani ko?"

Merrilee ta tsaya da wuƙar yanka tuffa a hannu. Ta dubi allon, ta dubi kwalin, ta dubi yayarta. "Bayanin me?"

"Merrilee, tsaya in gaya miki," in ji LaDawn.

"A'a Anti, bar ni in yabe ki, aikina ne." Kenzlee ta ajiye kwalin kusa da kwanon dankali. "Kin san ke ce ta farko a jerin kajinta? Wata shida tana tsoron kiranki. Ranar Asabar muka ce yau sai an yanka kazar nan. Kin ga yadda ta karanta katin kuwa? Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Bari ki gani da idonki."

Ta ciro waya ta danna. LaDawn ta ga kanta a hoton bidiyo, a sunkuye kan kati, mata bakwai kewaye da ita da kofunan lemo. Sannan kukan Merrilee ya cika kicin ɗin Merrilee, da maganar shekara huɗu, da maganar burodin Mama, sai tafi da shewa da ƙararrawa. A saman hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: YADDA AKE KASHE JINKIRI.

LaDawn ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. Ba ta san an ɗauka ba.

"Kenzlee, me kika yi? Wa ya ce ki ɗauka?"

"Ai don ƙarfafa gwiwar 'yan uwa ne, Anti. A zauren ƙungiyarmu na intanet kawai na sa."

Merrilee ta ajiye wuƙar a hankali. Fuskarta ta yi fari fat. "Mutum nawa suka ji?"

"Zuwa safiyar yau dubu ɗaya da ɗari huɗu," in ji Kenzlee da fara'arta. "Har daga jihar Idaho ana ta rubuto cewa kin sa su kuka." Sai a lokacin ta lura ba mai murmushi sai ita. Ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta mai da wayar aljihu.

"Yaya." Merrilee ba ta ɗaga murya ba. "Da kika ce na daɗe a ranki, karantawa kike yi?"

"Karantawa nake yi. Amma gaskiya ne, Merrilee, na rantse miki gaskiya ne. Ban zo sayar miki da komai ba. Na so in gaya miki tun da na shigo."

"Me ya hana ki?"

Abin haushin ke nan: duk abin da LaDawn ta faɗa gaskiya ne, kuma ba sauran hanyar da za a bi a gane hakan.

Merrilee ta jawo takardar rufe abinci ta rufe kwanon dankalin, ta bi gefe-gefe tana matsewa. A garin nan kowace mace na manna sunanta a gindin kwanonta, don in ta kai wa wani gida abinci a san inda za a mayar, kuma mayar da kwano shi ne dalilin ziyara ta gaba. Merrilee ta ɗaga kwanon, ta sa farce ta ɓamɓare sunanta, ta murƙushe shi ta jefa a kwandon shara. Sannan ta ɗora kwanon a hannun yayarta, da ɗuminsa.

"Ki kai wa Verl," ta ce, ta buɗe musu ƙofa. "Ba sai kin dawo da kwanon ba."