Ranar da Baba Zelig Ya Yi Gudu

Ina shanya a baranda na ga Baba Zelig yana gudu. Gudu fa! Rigar da ke hannuna ta faɗa ƙasa.

Duk wanda ya tashi a layinmu na birnin Haifa ya san Zelig ba ya gudu. Zakaran tseren tafiyar ƙafa ne, kuma dokar wasansu ita ce ƙafa ɗaya ba ta barin ƙasa sai ɗayar ta sauka. Ya ci kofuna har ƙasashen waje, ba alƙalin da ya taɓa ɗaga masa jan kati. Ko jiniyar yaƙi ta tashi, mu muna rige-rigen shiga maɓoya, shi da tafiyarsa yake zuwa, yana karkaɗa ƙugu. Muna yara mukan bi shi muna ihu, "Agwagwa! Agwagwa!" Matarsa Fruma na biye a keke da gorar ruwa, tana korar mu tana yi masa tsawa: "Dunduniya, Zelig! Sauke dunduniya!" Kai, ina kewar wannan zamanin.

Yanzu tsufa ya cinye tunanin Fruma, ko sunansa ba ta riƙe ba. Ran nan ita ce ta sulale ta nufi babban titi, ga bas na gangarowa. Ya cim mata, ya fizgo ta, suka zube tare a gefen hanya. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shi ƙugu ya karye, ciwon zuciya ya biyo baya.

Da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa kwanakinsa a gida, na kai masa romon kaza. Ko kallon kwanon bai yi ba.

"Mazal, ke kina sama, kin ga komai. Ƙafafuna sun bar ƙasa?"

"Haba Baba! Matarka ka ceto, wa ke ta ƙafa?"

"Ni nake ta ƙafa. Tun ina saurayi ban ɗaga ba. Gaya mini gaskiya."

Ni kuwa bakina ba ya iya ƙarya, duk unguwa an sani. "Ka yi gudu, Baba. Kamar ɓarawon kaza."

Ya yi ƙoƙarin dariya, amma sai idonsa ya ciko. Ya juya fuska bango. "Jan kati ke nan, a tseren ƙarshe." Na ji kamar in tsinke harshena.

Fruma na zaune bakin taga tana murza gefen zanen gado. Mun ɗauka ba ta tare da mu.

"Ke wace ce da za ki yanke hukunci daga baranda?" ta ce mini, da tsohuwar muryarta ta kan keke. "Ni ke kusa da shi. Bai ɗaga ba. Zelig ba ya ɗagawa."

Rabon da ta kira sunansa har an manta.

Ya juyo a hankali. "Kin ji, Mazal? Alƙaliya ta yi magana."

"Na ji, Baba. Idona ne ya tsufa."

Ya sha cokali biyu na romon. Ranar Alhamis ya rasu, muka binne shi kafin Asabar, ranar hutun ibadarmu, ta shigo.

Aka rufe madubai bisa al'adarmu, aka yi zaman makokin kwana bakwai a kan gajerun kujeru. Takalmansa na nan bakin ƙofa, dunduniyoyin sun cinye. Kowace safiya idan na fito shanya, sai in hango Fruma a taga da gorar ruwa a cinya, tana duban gangaren layi.