Motar da Ba Ta Son Lallashi

Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da gaggawa ba. Ko a gidanmu na Kuje, in an zuba tuwo ni ne na ƙarshen cire hannu daga kwano. Wannan halin ne ya samar mini aikin tuƙi a gidan Barista Zakiyyu a Maitama, a shekarun nan da benaye ke ta tsirowa a Abuja, kowa na yawo da sabuwar wayar hannu. Direbobi biyu ya sallama kafin ni, duk saboda gudu.

Motocin gidan huɗu ne, har da wani babban jif, amma guda ɗaya ce Oga ke gogewa da hannunsa. Wata 'yar ƙarama ce ruwan ɗorawa, kujera biyu kacal, ga ta ƙasa-ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga. Injinta a bayan kujera yake, kuma an ce wani gwani ne a ƙasar waje ya ƙara masa ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ni kaɗai nake tura ta in zan share gareji. Maiturare, mai dafa abincin gidan, Fara take ce mata, wai don ta yi kama da farar da ake soyawa.

Da Oga zai tafi kwas na wata uku a waje, sai ya kira ni ya damƙa mini makullinta.

"Nasrullahi, kai kaɗai na yarda da kai. Kada ta yi kwana biyu ba a tayar da ita ba. Ka riƙa ɗan zagawa da ita. Amma in na dawo na tarar wani abu ya same ta, ka san sauran."

Na san sauran kuwa. Don haka na riƙe ta kamar jaririya. Kullum da safe in tayar da ita, in bar ta tana aiki a tsaye har in gama shan shayi. Sannan in zaga unguwa a hankali, da na ji injin ya fara ɗaga murya sai in yi maza in canja giya, don kada ya wahala. Allurar da ke nuna juyin inji tana da lamba har takwas, ni kuwa ban taɓa bari ta wuce biyu ba.

A wata na uku sai Fara ta fara tari. Tana karkarwa, tana fitar da baƙin hayaƙi mai warin fetur. Na ƙara rage mata gudu, abin ya ƙara lalacewa. Saura kwana bakwai Oga ya dawo, ta mutu mini a bakin get, sai turo ta na yi ciki.

Ranar ko abinci ban iya ci ba. Maiturare ta leƙo ta tagar kicin ta ce, "Ɗan nan, makoki kake yi wa ƙarfe? In tari take yi in dafa mata citta da kanumfari."

"Inna, aikina ne zai tafi."

"To zaman tagumi ba zai tayar da ita ba. Ga lambar makanikinta can Oga ya manna a bangon gareji. Ka kira shi."

Sunansa Edward, a Apo garejinsa yake. Ya iso ranar Asabar da hantsi, wani gajere mai furfura a gemu, Hausarsa irin ta kasuwa. Ya kwance fulogi ɗaya ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Aboki, yaya kake tuƙa shi?"

Na faɗa masa komai, har ina ɗan jin daɗin irin kulawar da na yi. Ya yi ta dariya har ya dafa bango.

"Motan nan ba shi da ciwo. Kai ne ciwon shi."

"Ni? Wallahi ban taɓa matsa mata ba."

"Shi ne na ce. Wannan inji an gyara shi don ya yi ihu. In ka hana shi, mai ba ya ƙonewa duka, sai datti ya taru ya shaƙe shi. Ka bari ya yi zafi tukun, ka canja masa baƙin mai a kan lokaci, sannan ka sake shi. In ka yi haka, zai binne wancan jif ɗin."

Ya wanke fulogan ya mayar, motar ta tashi tana ɗan tangaɗi. Na miƙa masa makulli, ya maƙe kafaɗa.

"A'a. Wanda ya shaƙe shi, shi zai buɗe masa maƙogwaro. Shiga."

"Oga Edward, ni ba na gudu."

"Wa ya ce gudu? Ka tsaya a giya na uku, kar ka canja. Ba taya nake so ya yi sauri ba, inji nake so ya yi waƙa."

Muka kama hanyar filin jirgi. Titin a buɗe yake, sai 'yan tifofin yashi jefi-jefi. Da injin ya yi zafi, Edward ya ce in taka. Na yi bisimilla na taka kaɗan. Allura ta kai uku, hannuna ya tafi kan giya da kansa, Edward ya buge shi.

"Bar shi. Taka."

Huɗu. Motar ta yi tari sau biyu, ta tofar da wani dunƙulen hayaƙi da na hango ta madubi. Biyar. Sai tarin ya ɗauke ɗif. Wani sauti ya taso daga bayan kunnena, siriri, a tsaye, babu gargada, kujera ta tokare mini baya kamar wani ya ɗauke ni cak. Shida. Bakwai. Na ɗan juya sitiyari don in wuce wata tifa, kafin in gama tunanin har mun wuce. Wani Bafulatani da ke kiwo a gefen hanya ya ɗaga mana sandarsa. Sai da Edward ya ce, "To rufe bakin mana, ƙuda zai shiga," sannan na gane dariya nake yi.

Muka je har mararrabar Kuje muka juyo. Da muka shigo gida, Fara tana aiki lafiya lau, ko ruwan gorar da na ajiye a cikinta bai motsa ba.

Oga ya dawo ranar Juma'a da yamma. Ko jaka bai ajiye ba ya wuce gareji. Ya tayar da ita, ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka.

"Muryarta ta canja. Me ka yi mata?"

Na yi niyyar in ce wankewa kawai na yi, amma bakina ya ƙi. Na ba shi labari tun daga tarin har zuwa hanyar filin jirgi, kaina a sunkuye.

"Nawa allurar ta kai?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

Ya kashe injin. Ina jin Maiturare ta daina daka a kicin.

"Bakwai," ya maimaita. Sai ya sosa ƙeya. "Shekara biyu da sayenta, ni ban taɓa wuce huɗu ba. Da ta fara ƙara sai gabana ya faɗi."

Ya fito, ya zagaya ɗaya gefen, ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa ya shige kujerar mai zaman banza.

"Tsayuwar me kake yi? Zo ka nuna mini kafin magariba."

A kan hanya, da allura ta kai biyar, na saci kallonsa. Ya riƙe ƙofa da hannu biyu, hularsa ta karkace, haƙoransa duk a waje.

"In rage, Oga?"

"Ƙara kaɗan, Nasrullahi," ya ce. "Amma a hankali."