Ƙarar Jar Mota

Mai gidana ya kurumce, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. A wurinsa mutane ne suka koma magana ciki-ciki, rediyo ne ya lalace, ita kuma jar motarsa salansarta ce ta shaƙe.

Motar nan ta girmi babban ɗanmu. Kujera biyu gare ta, rufinta na tamfol, in ka shiga kamar a ƙasa ka zauna. Da kunne yake tuƙa ta: inji ya ɗaga murya, shi ya sauya giya. Da kunnen ya tafi sai ya riƙa barinta tana kuka a giya ɗaya har ƙarshen layi. Babban namu ya gani, ya ce abin ya isa haka. Ya samo mai saye, wani mai tara tsofaffin motoci, wanda sharaɗinsa shi ne kada a taɓa ko noti a jikinta.

Jin haka, wato bayan na yi masa ihun labarin a kunne, mai gida ya aika aka kawo masa sababbin bututan hayaƙi. Guda huɗu ne a murɗe, sai sheƙi suke, suna haɗewa su zama ɗaya. Wai in aka cire tsohon ƙarfen da ke jikin inji aka ɗaura su, motar za ta yi numfashi, ƙararta ta fito yadda ko kurma zai ji. Bai lura da abin da ya faɗa ba.

Da safe muka shiga gareji, shi da ciwon baya, ni da ciwon gwiwa. Ni ce mai tocila da miƙo sifana. Notocin sun ci tsatsa sun kafe. Ya fesa musu mai, ya gasa su da wuta, ya zage su har iyayensu, ɗaya ya ɗaye masa fatar yatsa kafin ya saki. Sabon bututun kuma ya ƙi shiga, sandar sitiyari ta tare shi, sai da muka ɗaga motar a jak muka zuro shi ta ƙasa. Na goge bakin injin tas, ya jera gaskit mai hana hayaƙi yoyo, ya bi notocin yana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe.

Muna sauke motar ɗan ya shigo. Ya leƙa bonet, ya dafe kai.

"Baba, kun ɓata ta. Mutumin nan ba zai saya ba."

"Me ya ce?" in ji mai gida.

"Ya ce sannu da aiki."

"Umma, ke ma biye masa za ki yi?"

Mai gida ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani har gwangwanayen fenti suka hau rawa a kan kanta, ɗan ya toshe kunnuwa. Ni kaina na ji ta a haƙorana.

Mai gida ya karkata kai yana saurare. Ya taka totur, ya sake takawa. Can ya ɗago ya dube ni.

"Ta tashi?"

Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Ɗan ma idonsa ya kawo ruwa, ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ya miƙa hannu a hankali.

"Baba, kawo makullin."

Wannan ba sai an ji ba. Na ga yatsun mai gida sun nufi makullin, sai raina ya ɓaci. Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar, na tattare zanina, na faɗa kujerar da nake zama tun ina amarya.

"Buɗe mana ƙofar gida," na ce wa ɗan.

"Umma, ba ya ji fa."

"Ni ina ji."

Ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma na san kukan injin nan kamar na ɗan da na goya. Na ɗora hannu a gwiwar mai gida, muka fita kan titi. Motar ta ɗaga murya, ta ƙara ɗagawa, na matsa gwiwar.

Ya sa giya ta biyu.