Ƙuri'a Ɗaya ta Jam'iyyar Allura

A ƙasarmu jam'iyyu biyu ne ke karɓa-karɓa, masu ja da masu shuɗi. Idan ja sun ƙoshi, sai shuɗi su wanke hannu su zauna. Yayana, tsohon malamin lissafi, ya gaji da kallo, ya tsaya takarar kansila a Jam'iyyar Allura, wadda duk ofishinta bai wuce teburin falonsa ba.

Mu tara ne 'yan gida masu zaɓe a aji ɗaya na firamaren unguwa, kuma kowa ya yi masa alkawari. Da la'asar aka manna sakamako a jikin allo: ja 211, shuɗi 208, allura 1.

Ni dai shuɗi na dangwala wa, ba don so ba, don tsoron ja. Ƙanwarmu ja ta zaɓa, don tsoron shuɗi. Kowa ya kai tsoronsa akwati, ya bar ƙaunarsa a gida. Muka ce ɗayar nan ta Yaya ce, tunda mutum ba ya ƙin kansa.

Muna falo, kowa na kallon ƙasa, matarsa ta ajiye tiren shayi ta ce, "Malam, ni fa kai na zaɓa."

Ƙanwarmu ta fashe da dariya. "Haba Anti! To shi kuma wa ya zaɓa? Ki ji kunya irin tamu mana, ki yi shiru."

"Wallahi allura na dangwala wa. Sai da na sa tabarau na nemo ta, can ƙasan takarda."

Anti ta dubi mijinta tana jira. Yaya ya juya cokali a kofi ya ce, "A bar maganar."

Ba a bar ta ba. Shekara bakwai, duk wanda ya sharara ƙarya a gidan sai a ce ya kaɗa ƙuri'ar Anti. Da farko tana rantsuwa, daga baya murmushi kawai, daga baya ta daina zama in mun zo. Bara ta rasu.

Makon jiya ina taya shi kwashe kayanta, muka ga katin zaɓenta a cikin gidan tabarau. Ya daɗe yana riƙe da shi.

"Shuɗi na zaɓa," in ji shi.

"Wa?"

"Ni. Na shiga bayan labulen nan na yi lissafi. Tazarar kaɗan ce, na ga ƙuri'ata za ta tafi a banza."

"Yaya, me ya hana ka faɗa?"

"Ɗan takarar da bai zaɓi kansa ba? Da wane ido zan dube ku? Kullum cewa nake gobe."

Wata mai zuwa akwai zaɓe, ja da shuɗi. Ya tambaye ni wa zan zaɓa. Na ce shuɗi, don an ce tazarar kaɗan ce. Ya gyaɗa kai, ya mayar da katin, ya rufe gidan tabarau.