Kunkurun Kaftin Bushta

Kaftin Bushta yana tsaye a bakin kogin Agdim, takalminsa ya nutse cikin taɓo, ya ƙura wa kwamfutar da ke hannunsa ido kamar zai cinye ta ɗanya. Ruwa ya fara janyewa tun hantsi, mutanen ƙauye sun bazu cikin gonakin dabino suna tono abin da ya rage musu, amma shi ba ta tasu yake yi ba. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, wato yadda zai yi wannan kwamfuta ta mutu kafin su koma gari.

Ma'aikatan agajin da ke ƙarƙashinsa Kunkuru suke kiranta, saboda baƙin ƙoƙon roba da aka lulluɓe ta da shi. Kunkuru ba ya tsoron ruwa, ba ya tsoron ƙura, in ya faɗo daga kan mota sai dai dutsen da ya faɗa wa ya ji jiki. A gaban kwale-kwale ake ɗaure shi, yana rubuta duk inda aka bi minti bayan minti, yana kuma naɗar duk maganar da aka yi ta oba-oba. Da zarar ya shaƙi sabis, sai ya tura komai hedikwata ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Sa'ar da Kaftin ya ci ita ce ambaliya ta kayar da turken sabis na kwarin gaba ɗaya.

Abin da ke cikin cikin Kunkuru kuwa ba mai yawa ba ne. Jiya da ƙarfe tara da minti goma na safe mai unguwa ya kira ta oba-oba, ya ce tsoho Assu mai injin niƙa ya maƙale a kan rufin soronsa, ruwa yana cin katanga ta ƙasa. Kwale-kwalen roba ɗaya tak suke da shi. Ana cikin sauke shi sai ga Haj Mbarek a mota, mai masaukin baƙin da ke bayan kwanar kogi, surukin daraktan hukumarsu, yana kururuwa wai ruwa ya shiga falonsa. Kaftin ya dubi hagu, ya dubi dama, ya tuna cewa watan gobe za a zauna kan ƙarin girma. Sai ya danna oba-oba ya ce da bakinsa, "Assu ai a sama yake, zai iya jira." Sawu biyu aka yi, na farko dardumai, na biyu firji biyu da talabijin. Ƙarfe sha ɗaya da rabi da aka juya wajen Assu, babu soro babu alamarsa.

Ya gaya wa mutanen ƙauye cewa injin kwale-kwale ne ya ƙi tashi, su kuwa bayin Allah suka ce ƙaddara ce. Ma'aikata biyun da suka yi dakon firji ba sa gabansa, kowannensu da bakunan da yake ciyarwa, kallo ɗaya ya ishe su su manta. Kunkuru ne ba ya gane harara. Gogewa kuma ba ta yiwuwa, mabuɗin wannan yana hannun hedikwata.

Ya waiga bai ga kowa ba, ya sunkuya kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ya tura Kunkuru bayan tayar babbar motarsu. Ya koma gefe ya gyara hula.

"Iddir!" ya kira direba. "Ja motar nan baya, ka tare wa mutane hanya."

Iddir ya leƙo ta taga da guntun burodi a baki. "Waɗanne mutane, Si Kaftin? Ko jaki babu a hanyar nan."

"Ni za ka yi wa musu? Ja baya na ce!"

Mota ta yi baya da lodin janareto da tankin ruwa, aka ji ƙurus. Iddir ya diro, ya ga baƙar roba tana leƙowa daga ƙarƙashin taya, ya ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Na kashe Kunkuru! Yau na shiga uku!"

Kaftin ya riga ya shirya fuskar da zai yi, har ya tanadi kalmomin da zai rubuta a kan sakacin direba. Iddir ya matsar da mota, ya zaro abin daga taɓo, ya goga a wandonsa. Gilashi ya kawo haske tas, har da taswirar kwarin.

"Kai! Si Kaftin, ko gezau!" Iddir ya ɗaga shi sama yana dariya. "Wallahi ban da surukata ban taɓa ganin abu mai taurin rai irin wannan ba. Ungo kayanka, Allah ya rufa mana asiri ni da kai."

Kaftin ya karɓa ya ce amin a ciki-ciki.

Ranar nan babu irin wulaƙancin da Kunkuru bai gani ba. An manta da shi a kan murfin injin mota cikin tsakar rana har awa uku, ma'aikaciyar jinyar ƙungiyar ta kawo shi da tsumma tana hura yatsu. An yi kuskure butar shayi ta kife a kansa, abin da ya samu kawai ƙanshin na'ana'a. Kaftin ya zauna a kai da duk tumbin da shekara ashirin na liyafa suka tara masa, bayansa ne ya yi tsami. Abin takaicin, duk inda ya yar da shi sai wani mai gaskiya ya tsinta ya biyo shi da gudu. Bai taɓa jin haushin masu gaskiya irin na ranar ba.

Da la'asar aka haɗa kaya. Ya ce su dakata zai duba gadar da ta karye, kuma ba ya son rakiya. Wannan ne karo na farko tun zuwansu da ya taka zuwa bakin ruwa mai zurfi da ƙafarsa. Ya tsaya a ƙarshen kankaren da ya rage, ruwa ja yana murɗawa a ƙasa da kututturan dabino, ya saki Kunkuru. Ya tsaya har ya tabbata bai taso ba. Sannan ya jiƙa hannun rigarsa har kafaɗa, ya dawo yana haki.

"Santsi ya kwashe ni," ya ce musu. "Da kyar na tsira da raina. Kunkuru ya tafi."

Iddir ya yi tagumi kamar an yi masa rasuwa. Sauran suka yi ta yi wa Kaftin barka da arziki.

Kwana uku bayan nan yana ofishinsa a gari, fanka tana kaɗawa, shayi da ƙosassun dabino a gabansa. Rahoto ya riga ya tafi, shafi huɗu, an ambaci injin da ya ƙi tashi sau uku, jarumtar shugaban ƙungiya sau biyar. Haj Mbarek ya aiko da tulun zuma. Kaftin yana ta gwada yadda sabon anini zai zauna masa a kafaɗa sai sakatare ya leƙo.

"Si Kaftin, wata tsohuwa ce daga Agdim. Na ce ba ka da lokaci, ta ce ita tana da shi, ta zauna a ƙofa."

"Bara ce? Ka ce ta je ofishin rabon barguna."

"Ta ce saƙo ne, kuma hannu da hannu."

Aka shigo da ita. 'Yar ƙaramar mace ce cikin fararen kayan takaba, ƙafafunta sun yi futu-futu da jar ƙasa, ta rungume wani ƙunshi a ƙirji. Ta ƙi kujera, ta ce tsayuwa ta fi mata, awa huɗu ta yi a zaune a bayan akori-kura.

"Ni ce Tudda," ta ce, "matar Assu mai injin niƙa."

Kaftin ya ajiye dabinon da ke hannunsa. Ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya zubo ta'aziyya irin wadda ya haddace. Ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu.

"Na sani, ɗana. An gaya mini inji ne ya ƙi tashi. Ƙarfe ai ba shi da hankali, wa zai riƙe shi a zuci?" Ta ajiye ƙunshin a kan tebur ta fara kwance ƙullin mayafin a hankali. "Jiya na ce a kai ni cikin kyauron da aka tsinci maigidan, in ga wurin da idona. Ina zaune sai na ga wannan a maƙale, taku biyu daga inda ya kwanta. Mai unguwa ya ce naka ne, wai har ka kusa halaka wajen cetonsa."

Kunkuru ne. An wanke shi fes, har lungunan robar an bi da tsinke an cire laka.

"An ce in bari sai wani zai shigo gari ya kawo," ta ci gaba, "ga ni cikin takaba. Na ce a'a. Kayan ceton rai ne, in ya kwana a ɗakina wani ya mutu saboda rashinsa, me zan ce wa Allah?"

Kaftin ya ƙura wa Kunkuru ido. A kusurwar gilashin wata 'yar koriyar wuta tana ci, ba ƙiftawa.

"Abu ɗaya ne ya tsorata ni," Tudda ta rage murya. "Muna hawowa kan tudun nan da ake hango gari, sai ya kama kuka a cinyata, tsit-tsit, tsit-tsit, ya daɗe yana yi. Na rantse ban taɓa masa komai ba. Ban ɓata muku shi ba ko?"

Sakatare ya miƙo wuya ya duba. "Ina! Lalla Tudda, kin gyara dai. Saƙo ya tura, ga shi an rubuta komai ya isa hedikwata tun ƙarfe goma. Si Kaftin, ka ga ikon Allah, kwana biyu a ruwa!"

"To alhamdu lillahi," in ji ta. Ta ninke mayafinta, ta ɗaga tafukan hannu, ta roƙa wa Kaftin Allah ya saka masa daidai da abin da ya yi wa mijinta, kada ya rage masa ko ƙwayar zarra. Sakatare ya shafa da ƙarfi. Ta tsaya tana jiran amin ɗin Kaftin, dole ya motsa leɓe.

Wayar kan tebur ta ɗauki ƙara, layin hedikwata. Ta yi har ta katse, ta sake ɗauka. Kaftin yana tsaye gumi yana bin wuyan rigarsa, hannuwansa a manne da cinya.

Tudda ta kai ƙofa, ta juyo ta dube shi da mamaki.

"Ɗauki mana, ɗana," ta ce. "Kada ka bar mutum yana jira, ba ka san halin da yake ciki ba."