Kaska a Wuyan Alhaji

A shekarar 1974 duba-gari suka rushe tebura goma sha biyu a layin mahauta na Agege, har da na Badaru. Ranar da suka zo, an nemi shugaban mahauta, Alhaji Ƙasimu, an rasa. Daga baya aka ji a banɗakin masallaci ya laɓe har motarsu ta tafi.

Yanzu an yanka sabon layi mai tebura bakwai, kuma Alhajin ne zai raba.

Badaru ya same shi da hantsi a ƙofar gida, a kan kujera, mutane sun zagaye shi. Talle yana yi masa fifita. Almu mai fata yana dariya tun kafin Alhaji ya kai ƙarshen zance.

Badaru ya san irin wannan zama. Kafin ya zo Ikko ya shekara tara yana kama birai a dajin Lame yana sayar wa wani Bature. Haka ƙananan mazan birai suke kewaye babban, suna tsince masa ƙwari a gashi don ya bar su kusa da abinci. Amma duk ranar da damisa ta fito, babban ne yake tsayawa a gaba, haƙora a waje, sai kowa ya hau bishiya.

"Badaru, kai ma tebur?" in ji Alhaji, bai ko dube shi ba. "Saura ɗaya, ku huɗu har da Talle."

A lokacin Badaru ya hango kaska, irin ta shanu, ta kumbura a gefen wuyan Alhaji. Ya lura Talle ma ya gan ta, har ya ajiye mafici. Badaru ya tuna iyalinsa sun yi mako uku ba ciniki. Ya riga Talle miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, kada ka motsa."

Wuyan sharkaf yake da gumi da turare. Ya cire ta, ya nuna a tafin hannu.

Alhaji ya yi murmushi. "Kun ga mai kula da ni? Na ƙarshen nan, na bakin kwata, naka ne."

"Wanzami ya samu tukuici," in ji Almu. Aka fashe da dariya, ban da Talle.

Badaru ya yi godiya a durƙushe. Ya fita da kaskar a dunƙule a hannu, ya rasa inda zai jefar da ita a gaban mutane. Sai a bakin famfon titi ya murje ta a jikin bango, ya tsaya yana wanke hannu, matan da ke layin ruwa suna ce masa ya matsa.