Wanda Garside Ke Sara Wa

Rabe na cikin naɗe rigunan Mista Garside sai Clara, shugabar ma'aikata, ta leƙo ta ce jaka ɗaya tak ƙaramar hukuma ta yarje wa kowa. An rufe gidan tsofaffin na Whalley Range, wai gwamnati na tsimi, yau za a kwashe su zuwa Birmingham. Ta nuna bango.

"Baba Rabe, kar ka manta hoton nan. In babu shi ko shayi ba ya sha."

Ina zai manta? Shekara huɗu yana yi wa tsohon nan wanka a ƙarƙashinsa. Hoton wani janar ne na Jamus da ya ja daga a Gabashin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Farko, da ya koma gida kuma ya bi sahun masu cewa jininsu ya fi na kowa. Shi ma Garside haka ya ci ƙuruciyarsa, yana maci a titi a kori baƙi. Yanzu ido ya tafi, sai inuwa yake gani, amma kullum safiya sai ya dafa sanda ya miƙe ya sara wa hoton.

Kakan Rabe, Ɗan'azumi, yana cikin sojan da Turawan Ingila suka kwasa daga Arewa don su yaƙi janar ɗin. Bai dawo ba. Matarsa Hajo har ta rasu tana faɗin ko kabari ba a nuna mata ba. Rabe ya taɓa ba Garside labarin yana cuɗa masa baya. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ashe dai harsashin bai tafi a banza ba.

Rabe ya tura ƙofa ya rufe. Da gindin cokali ya ɓalle bayan firam ɗin hoton, ya zaro janar, ya yaga shi huɗu, ya cusa cikin ledar ƙazantar da ya kwashe da safe. Daga aljihun kwat ya fito da hoton da 'yarsa Zinatu ta ƙara wa girma tun makon jiya: Ɗan'azumi da jar dara, ƙafa ba takalmi. Ya san in aka gane korarsa za a yi, kuma mai shekara sittin da ɗaya ba ya samun wani aikin a garin nan. Ya mayar da ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.

A sabon gidan na Small Heath, can Birmingham, Clara ce da kanta ta zaro firam ɗin za ta rataya. Ta tsaya. Ta dubi hoton, ta dubi hancin Rabe, ta sake duban hoton.

"Janar ya yi baƙi a hanya," in ji ta a hankali.

"Hayaƙin motocin babban titi ne, ranki ya daɗe."

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe baki ke nan sai Garside ya fara lalube yana tambayar ina janar ɗinsa. Ta rataya shi a ƙusa ta fita.

Tsohon ya dafa sanda, ya miƙe da ƙyar, ya haɗa dugadugai, ya sara.

Rabe ya gyara firam ɗin ya daidaita.

"Sake, yallaɓai," ya ce. "Bai gani ba."

Garside ya sake ɗaga hannu.